DARASI NA TARA: Kaskon Turare Mai Shafen Zinari a Gidajen Masu Hali na Turai

1.0 Gabatarwa

Duk wanda ya tashi a gidan Bahaushe ya san kaskon turare. Galibi na yumɓu ne, a zuba masa garwashi, a barbaɗa turaren wuta, a zagaya da shi ɗaki ko a turara tufafi. Kuɗinsa bai taka kara ya karya ba, idan ya fashe sai a sayi wani ranar kasuwa. Sai dai akwai wuri da zamanin da wannan ƙaramin abu ya zama kayan da sarakuna da attajirai ke gasar mallaka. A shekarar 1782 matar Sarkin Faransa ta sayi kaskon turare guda ɗaya a kan kuɗin da lebura zai yi shekara ashirin yana aiki bai tara ba.

A darasin da ya gabata an yi nazarin sana'ar ƙira a ƙasar Hausa, an kuma bambance maƙeran baƙi da maƙeran fari. A wannan darasi za a leƙa wata sana'a mai kama da ƙirar fari, wadda ta bunƙasa a Faransa da Ingila a ƙarni na 18, wato sana'ar yi wa tagulla shafen zinari. Za a ɗauki kaskon turare a matsayin misali, domin shi ne ɗalibi ya fi sani. Abin da darasin ke son tabbatarwa shi ne, ba a gama fahimtar kayan ado ta hanyar kallon kyansa kaɗai. Sai an san wanda ya yi shi, da yadda ya yi shi, da wanda aka yi wa, da kuma abin da aikin ya jawo wa mai yin sa.

2.0 Manufar Darasi

A ƙarshen wannan darasi ana sa ran ɗalibi zai iya:

(a) bambance shafen zinari da dasa zinari a jikin ƙarfe;
(b) kawo dalilan da suka sa masu hali na Turai suka rungumi tagulla mai shafen zinari;
(c) jera matakan aikin shafe da ingantacciyar Hausa;
(d) bayyana illar da zaiba ta yi wa masu sana'ar da yadda aka shawo kanta;
(e) tsara darasin siffanta kayan hannu ga 'yan makarantar firamare ko ƙaramar sakandare.

3.0 Ma'anar Muhimman Kalmomi

Tagulla: A Hausa kalmar tana ɗaukar jan ƙarfe da kuma ƙarafan da aka haɗa da shi. Tagullar da ake magana a kanta a nan haɗi ce ta jan ƙarfe da tutiya, tare da ɗan kuza da dalma kaɗan.

Zaiba: Ƙarfe ne mai launin azurfa wanda yake a narke ko da ba a ɗora shi a wuta ba. Yana narkar da zinari ya haɗe da shi, kuma yana tafasa ya zama tururi idan zafi ya kai awo 357 a ma'aunin Salshiyas.

Shafe: Lulluɓe fuskar wani ƙarfe da siririn zinari, ta yadda mai kallo zai ga kamar abin duka zinari ne.

Dasawa: Sassaƙa 'yan ramuka ko layuka a jikin ƙarfe, sannan a cusa zaren zinari ko na azurfa a ciki a daddage shi da guduma.

Omolu: Sunan da Ingilishi suka ba tagulla mai shafen zinari. Sun aro shi daga kalmomin Faransanci guda biyu masu ma'anar "niƙaƙƙen zinari".

3.1 Tushen Sana'ar

Turawa ba su ne suka fara ƙera kaskon turare na alfarma ba, ba su ne kuma suka gano shafe da zaiba ba. Mutanen Sin sun san wannan dabara ɗaruruwan shekaru kafin haihuwar Annabi Isa (AS). A shekarar 1968 an haƙo kabarin wani yarima na Sin mai suna Liu Sheng, wanda ya rasu shekara 113 kafin Miladiyya, aka sami kaskon turare na tagulla mai siffar dutse, an dasa masa zinari, hayaƙi na fita ta tsakanin tsaunukan da aka ƙera a murfinsa.

Ƙasashen Musulmi ma sun yi fice a wannan fage. A wani gidan adana kayan tarihi na birnin Niyok akwai kaskon turare mai siffar zaki, wanda aka ƙera a yankin Khurasan a shekarar 577 ta Hijira, daidai da 1181 zuwa 1182 Miladiyya. Ana cire kan zakin a zuba garwashi da turare, hayaƙin ya riƙa fita ta hudojin jikinsa. A gidan adana kayan tarihi na Birtaniya da ke Landan kuma akwai wani mai siffar ƙwallo, wanda aka yi wa Badaruddin Baisari, ɗaya daga cikin manyan sarakunan yaƙi na daular Mamluk, wajajen shekarar 1277 zuwa 1279. Irin wannan ƙwallo a cikinsa ake rataye ɗan kaskon wutar a kan zobba masu juyawa, ta yadda ko an gangara shi garwashin ba zai zube ba. Maƙeran Mausil da Dimashƙa da Alƙahira sun fi ƙwarewa a dasawa, su kuwa na Faris da za a gani nan gaba shafe ne aikinsu. Wajibi ne ɗalibi ya riƙe wannan bambanci.

3.2 Dalilan Bunƙasar Sana'ar a Turai

Dalili na farko shi ne wari da tsoron cuta. Biranen Turai na ƙarni na 18 ba su da magudanan ruwa na kirki. A Faris, babbar maƙabartar da ke tsakiyar gari ta cika har sai da hukuma ta rufe ta a shekarar 1780 saboda ɗoyi. Likitocin zamanin sun ɗauka gurɓatacciyar iska ce ke kawo annoba, don haka turara ɗaki a wurinsu kariya ce, ba jin daɗi kawai ba. Suna ƙona jawul da lubban da busassun furanni da aka dunƙula, ko kuma su ɗora ruwan turare a kan 'yar fitila ya riƙa tashi a hankali.

Dalili na biyu ya shafi yaƙi da tattalin arziki. Sarki Luwis na 14 ya cika fadarsa ta Versailles da tebura da madubai da sauran kaya na azurfa tsantsa. A shekarar 1689, da kuɗin yaƙi suka ƙare, ya sa aka narke su aka buga kuɗi. An sake kiran masu hali su kawo azurfarsu a narke a shekarar 1759. Wannan ya koya musu cewa kayan azurfa ba su da tabbas. Tagulla mai shafe kuwa ba ta tsone wa mai neman kuɗin yaƙi ido, domin zinarin da ke jikinta kaɗan ne. Darajarta tana cikin aikin hannun da aka yi mata.

Dalili na uku shi ne haske. Babu lantarki a lokacin, kyandir ake kunnawa. Ƙarfe mai ruwan zinari yana karɓar hasken kyandir ya mayar da shi cikin ɗaki, shi ya sa ake jera irin waɗannan kaya a kan dakalin murhu, a gaban madubi.

Dalili na huɗu shi ne yayi. An fara haƙo tsofaffin garuruwan Rumawa da aman dutse ya binne a Italiya, wato Herculaneum a 1738 da Pompeii a 1748. Kayan da aka samu, musamman kasake masu ƙafa uku, sun burge masu zane. A shekarar 1773 wani mai suna Jean-Henri Eberts ya fito da samfurin kasko mai dogayen ƙafafu uku a Faris, wanda za a iya ƙona turare a ciki ko a wanke hannu ko a sa furanni. Nan da nan ya zama abin yayi a gidajen manya.

3.3 Matakan Aiki

Kaskon turare guda yakan bi ta hannun masu sana'a da dama kafin ya isa ɗakin mai shi. A Faris ma doka ce ta raba aikin, domin masu zubi da masu shafe ƙungiyoyinsu daban ne, kowa da iyakarsa, har zuwa shekarar 1776 da aka haɗe su. Ga matakan a jere:

Na ɗaya, zane da samfuri. Mai zane ya zana siffar abin a takarda, mai sassaƙa ya fitar da ita da kakin zuma ko itace ko yumɓu.

Na biyu, zubi. A danna samfurin cikin damammen yashi mai laushi domin ya bar gurbinsa, ko kuma a lulluɓe na kakin da yumɓu a gasa har kakin ya narke ya fita. Sai a narka tagulla a zuba a gurbin. Ba a zuba abin gaba ɗaya. Ƙafafu daban, ganyaye daban, murfi daban, daga baya a haɗa su da kusoshi masu murɗi.

Na uku, zayyana. Abin da ya fito daga zubi yana da kaushi. Mai zayyana zai zauna da magagari da 'yar guduma da ƙananan kurafu masu baki iri-iri, ya fitar da jijiyar kowane ganye da gashin kowace dabba. Wannan mataki shi ya fi cin lokaci, shi ne kuma yake bambanta gwani da ɗan koyo.

Na huɗu, kwaɓi. A yayyanka zinari ƙanana, a zafafa shi, a zuba cikin zaiba mai ɗumi, kimanin kashi ɗaya na zinari ga kashi shida zuwa takwas na zaiba. Idan sun haɗe sai a zuba cikin ruwa, a matse rarar zaibar ta cikin laushin fata. Abin da ya rage kwaɓi ne mai laushi kamar man shanu.

Na biyar, shafe da gashi. A wanke tagullar da ruwan asid, a shafa mata wani ruwa mai zaiba domin kwaɓin ya kama, sannan a shafa kwaɓin da burushin waya. Sai a ɗora a kan garwashi ana jujjuyawa. Zaibar ta tashi ta bi iska, zinarin ya zauna daram a jikin ƙarfen. Aikin alfarma akan maimaita masa wannan sau da yawa.

Na shida, gugewa. Zinarin yakan fito a dushe. Wuraren da ake so su yi ƙyalli sai a goge su da dutse mai santsi ko haƙorin kare da aka ɗaura a ƙota. Sauran a bar su a dushe, domin bambancin ƙyalli da dushewa shi ke fito da siffar abin.

Ɗalibi ya lura da mataki na biyar da kyau. Zaibar da ta tashi daga wuta ba ɓacewa take yi ba, hancin mai aikin ne farkon abin da take samu.

3.4 Misali Daga Faransa: Pierre Gouthière

An haifi Pierre Gouthière a shekarar 1732. Ya zama cikakken mai shafe a Faris a 1758, a 1767 kuma aka naɗa shi mai shafe na sashen bukukuwan fadar Sarki Luwis na 15. Ya yi suna wajen zayyana mai laushi da kuma wata dabara ta dusasshen shafe, inda ake lulluɓe zinarin da haɗin wasu gishirori a gasa, sannan a tsoma cikin ruwan sanyi, ya fito da taushin gani kamar fatar jiki.

Cikin manyan masu ba shi aiki akwai wani basarake da ake kira Duke na Aumont, ɗaya daga cikin manyan fadawan sarki, mai sha'awar tara duwatsu masu daraja. Wajajen shekarar 1775 Gouthière ya yi masa kaskon turaren da aka ambata a gabatarwa. Tsayinsa bai kai rabin mita ba. Kwanon da ke sama an sassaƙa shi ne daga wani jan dutse mai tauri da ake kira jasfa. Yana zaune a kan ƙafafu uku na tagulla mai shafe, kowace ƙafa ta ƙare da kofaton akuya, a samanta kuma akwai kan wata halitta ta tatsuniyoyin Girkawa, rabi mutum rabi akuya. Tsakanin kawunan an rataya reshen inabi da ganye da 'ya'ya, a tsakiyar ƙafafun kuma ga maciji ya nannaɗe.

Da basaraken ya rasu a 1782 aka yi gwanjon kayansa. Sarauniya Marie Antoinette, matar Sarki Luwis na 16, ta sayi kaskon a kan liba 12,000, wato kuɗin Faransa na lokacin. Lebura a Faris liba ɗaya zuwa biyu yake samu a yini. Ko da an ɗauka liba biyu yake samu, sai ya yi aikin yini 6,000 kafin ya haɗa wannan kuɗi, wato shekara ashirin idan yana aikin yini 300 a shekara, bai ci ba, bai sha ba.

Mai karatu zai zaci wanda ya yi irin wannan aiki ya mutu da dukiya. Ba haka aka yi ba. Manyan da yake yi wa aiki sun saba karɓar kaya su bar biya sai yadda hali ya yi, shi kuwa sai ya sayi zinari ya biya ma'aikata daga aljihunsa. Ya kuma sa kuɗi a harkar gine-gine ba ta yi kyau ba. Kafin juyin juya halin 1789 ya riga ya karye. Madam du Barry, wadda ya ƙawata wa gida, an kashe ta a 1793 da ɗimbin bashinsa a kanta. Ya rasu cikin talauci a 1813. Sana'ar ta ci gaba a hannun irin su Pierre-Philippe Thomire, wanda ya koyi aiki a wurinsa, ya kuma riƙe ɗaruruwan ma'aikata a zamanin Napoleon.

3.5 Misali Daga Ingila: Matthew Boulton

Attajiran Ingila sun daɗe suna tsallaka teku su sayo waɗannan kaya a Faris. Matthew Boulton (1728 zuwa 1809), mai masana'antar maɓallai da ƙananan kayan ƙarfe a Soho kusa da Birmingham, ya yi niyyar ƙwace kasuwar. Shi da abokin cinikinsa John Fothergill sun fara aikin omolu wajajen 1768. Bambancinsa da Gouthière shi ne, shi ɗan kasuwa ne mai masana'anta. Ya tara masu zubi da masu zayyana da masu shafe a ƙarƙashin rufi guda, yana amfani da samfurin ƙafa ko hannu guda a jikin kaya iri-iri domin rage tsada.

Ya kuma nemi abin da Faransawa ba su da shi a ƙasarsu, wato wani dutse mai ratsin shuɗi da shunayya da rawaya da ake haƙowa a Castleton, cikin yankin Derbyshire, wanda ake kira Blue John. A 1769 ya sayi tan 14 na wannan dutse. Da shi ake yin cikin tulun, a yi masa ƙafa da hannuwa da murfi mai hudoji na tagulla mai shafe. Wasu an yi musu dabara, idan an kifa murfin sai ya zama mazaunin kyandir, abu guda ya yi aiki biyu.

Sarki George na 3 da matarsa Charlotte sun saya, haka ma Sarauniya Catherine ta Rasha. Boulton ya kai kayansa gwanjo a gidan Christie da ke Landan a 1771 da 1772. Duk da haka harkar ba ta kawo riba ba. Aikin hannun da take ci ya yi yawa, masu iya saye kaɗan ne, kuma su ma ba sa gaggawar biya. Arzikinsa ya zo ne daga injin tururi, bayan ya haɗa gwiwa da James Watt a 1775. Ke nan a ƙasashen biyu an ga abu guda, kayan sun ɗaukaka sunan gidajen da suka shiga fiye da yadda suka amfani waɗanda suka yi su.

3.6 Illar Zaiba

Asarar kuɗi ita ce ƙaramar asara a wannan sana'a. Tururin zaiba ba shi da launi, ba shi da wari, amma idan aka shaƙe shi yana ratsa huhu ya shiga jini, ya taru a ƙwaƙwalwa da ƙoda. Alamun farko su ne dalalar miyau da kumburin dasashi da zubewar haƙora. Daga nan sai makyarkyata ta kama yatsu, ta haura hannu, har mutum ya kasa kai loma bakinsa. Sai harshe ya yi nauyi, mantuwa da saurin fushi da rashin barci su biyo baya. Abin bai tsaya kan mai shafe ba, domin da yawa a gidajensu suke aiki, iyali da maƙwabta suna shaƙa tare da su.

Ba a jahilci wannan illa ba. Tun a shekarar 1700 wani likita ɗan Italiya mai suna Bernardino Ramazzini ya wallafa littafi a kan cututtukan masu sana'o'i, ya ware babi guda domin masu shafen zinari. Duk da haka an shafe fiye da shekara ɗari ana aikin yadda aka saba. Abin da ake ƙerawa domin gyara iskar ɗakin mai hali, shi ne yake lalata iskar ɗakin mai yin sa. Hausawa na cewa kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Gyara ya fara ne daga cikin masu sana'ar. Wani mai masana'antar tagulla a Faris, André-Antoine Ravrio, wanda ya rasu a 1814, ya bar wasiyyar faran 3,000 ga duk wanda ya gano hanyar kare masu shafe. Masanin kimiyya Jean-Pierre-Joseph d'Arcet ne ya ci kyautar, ya kuma wallafa bayaninsa a 1818. Dabararsa ita ce murhu mai bututu da ke zuƙe tururin ya fitar da shi sama, nesa da fuskar ma'aikaci. Wannan ya rage cutar a inda aka yi amfani da shi.

Abin da ya karya tsohuwar hanyar shi ne lantarki. A 1805 Luigi Brugnatelli na Italiya ya nuna cewa ana iya ɗora zinari a kan ƙarfe da ƙarfin batir. A 1840 gidan Elkington na Birmingham ya yi rajistar hanyar da ta dace da kasuwa, kamfanin Christofle kuma ya ɗauke ta a Faransa. Sabuwar hanyar ta fi arha, ba ta buƙatar ƙona zaiba, ko da yake ruwan da ake amfani da shi ma dafi ne mai buƙatar kulawa. Sannu a hankali ta mamaye kasuwa.

Matsalar zaiba ba ta zama tarihi ba. Masu haƙar zinari ta hanyar gargajiya a ƙasashe da dama, har da Nijeriya da Nijar da Gana, suna kwaɓa niƙaƙƙen dutse da zaiba domin ta kamo zinarin, sannan su ƙona kwaɓin a fili. Wannan shi ne mataki na biyar da aka bayyana a sama, illarsa kuma ita ce dai. Domin rage wannan haɗari ne ƙasashen duniya suka amince da Yarjejeniyar Minamata a 2013, ta fara aiki a 2017. Kada ɗalibi ya rikita wannan da annobar da ta kashe ɗaruruwan yara a Zamfara a 2010. Waccan gubar dalma ce da ke cikin dutsen da ake niƙawa.

3.7 Inda Kayan Suke a Yau da Yadda Ake Gane Su

Bayan juyin juya hali, sabuwar gwamnatin Faransa ta yi gwanjon kayan fadar Versailles daga 1793 zuwa 1794, kashi fiye da 17,000. Da yawa daga kayan sarauta da na manyan gidaje sun ƙare a hannun attajiran Ingila, daga baya kuma na Amurka. Kaskon Gouthière ya shiga hannun wani basaraken Ingila, Hertford na huɗu, a 1865. A yau yana gidan adana kayan tarihi na Wallace da ke Landan, wanda aka buɗe wa jama'a a 1900.

Da yake an yi ta kwaikwayon waɗannan kaya a ƙarni na 19, masana suna duba wasu alamu kafin su yarda da tsufan abu. Suna duba bayansa, domin mai shafe da zaiba ba ya ɓarnar zinari a inda ido ba ya kaiwa, shi kuwa abin da aka tsoma a ruwan lantarki yakan ɗauki zinari ciki da waje. Suna duba kusoshi, domin na hannu murɗinsu ba ya daidaita kamar na inji. Suna neman hatimi, misali wani ɗan harafi mai kambi a kansa da hukumar Faransa ta riƙa bugawa a kan kayan tagulla daga 1745 zuwa 1749 a matsayin shaidar biyan haraji. Akwai kuma na'urar da ke gano ragowar zaiba a cikin zinarin ba tare da an kankare shi ba. Masu adanawa ba sa goge irin waɗannan kaya da man goge ƙarfe, saboda shafen bai kai kaurin gashin kai ba, guga kaɗan za ta cinye shi.

3.8 Koyar da Siffanta Kayan Hannu a Aji

Malamin Hausa ba zai kawo kaskon Gouthière aji ba, amma zai iya kawo na yumɓu ko na ƙarfe daga gida, ko wani aikin maƙeran fari kamar munduwa ko zobe. Ya ajiye shi inda kowa zai gani, ya jagoranci yara da tambayoyi huɗu: Da me aka yi shi? Ta yaya aka yi shi? Wa ya yi shi, wa kuma yake amfani da shi? Wace wahala ko haɗari ke cikin yin sa? Ya sa su siffanta abin daga sama zuwa ƙasa, kamar yadda aka siffanta kaskon a sashe na 3.4, kada su tsaya kan "yana da kyau". Ya rubuta sababbin kalmomi a allo, irin su zubi da zayyana da shafe da magagari, ya sa a yi jimloli da su. Idan da hali, ya nemi izini ya kai su maƙera su ji sunayen kayan aiki daga bakin masu su. Idan kuma makarantar tana yankin da ake haƙar zinari, tambaya ta huɗu dama ce ta faɗakar da yara haɗarin tsayawa kusa da inda ake ƙona zaiba.

4.0 Kammalawa

An ga cewa kaskon turare na alfarma ya daɗe a Sin da ƙasashen Musulmi kafin ya zama yayi a Turai. An kawo dalilai huɗu na bunƙasar tagulla mai shafe a ƙarni na 18, da matakai shida na aikinta. Tarihin Gouthière da na Boulton ya nuna sana'ar ba ta wadata masu ita ba, sashe na 3.6 kuma ya nuna abin da ta yi wa lafiyar ma'aikata kafin zuwan murhun d'Arcet da shafen lantarki. Malamin da ya saba yi wa kayan hannu tambayoyi huɗun da aka kawo zai koya wa yara kalmomi, ya kuma koya musu ganin mutumin da ke bayan abin da suke kallo.

5.0 Auna Fahimta

1. Bambance shafe da dasawa, tare da misali guda ga kowanne.
2. Ta yaya narke kayan azurfa a 1689 da 1759 ya taimaka wa sana'ar tagulla mai shafe?
3. Jera matakai shida na aikin, ka nuna wanda ya fi haɗari da dalili.
4. Kwatanta tsarin aikin Gouthière da na Boulton.
5. Yi bayanin karin maganar da aka kawo a sashe na 3.6, ka kawo wata da ta dace da halin masu shafe.

6.0 Jinga

Ziyarci wani maƙerin fari ko maginin tukwane a garinku. Rubuta shafi biyu kana siffanta abu guda da yake yi, bisa tambayoyi huɗun da ke sashe na 3.8, ka haɗa da jerin kalmomi goma na sana'ar da ma'anoninsu kamar yadda ya faɗa maka.